Yadda ake sa GitHub Actions ya riƙa ɗora shafinka da kansa

Mai kula da shafin intanet a Yamai ya san wahalar tura fayiloli zuwa sabar shafi ta FTP, tsohuwar hanyar ɗora su da hannu, musamman a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ɗauke wuta ke yawaita, rezo kuma ya yi rauni. In aikin ya katse a tsakiya, masu ziyara za su tarar da shafin rabi sabo rabi tsoho. Mafita ita ce a bar wa na'urorin GitHub, dandalin ajiyar tushen manhajoji, ginin shafin da ɗora shi ta tsarinsa na aiki da kansa mai suna GitHub Actions, ta yadda abin da zai fita daga kwamfutarka bai wuce 'yan layukan da ka gyara ba.

Da farko ka buɗe ma'ajiya a GitHub, ka tura mata tushen shafin da ka gina da Hugo, manhajar gina shafuka, amma ban da jakar public inda Hugo ke zuba shafin da aka gama, domin ita ce za a riƙa ƙerawa sabuwa kowane lokaci. Sannan ka shiga Settings, ka zaɓi Pages, ka mayar da Source zuwa GitHub Actions.

Sai babban aikin, wato fayil ɗin umarni, wanda ake ajiyewa a .github/workflows da suna kamar deploy.yml. A ciki ne za ka ce a tashi aiki duk lokacin da aka tura gyara zuwa reshen main, wato babban reshen ma'ajiyar, a kan na'urar ubuntu-latest: a kwaso tushen da actions/checkout, a girka Hugo, a gina shafin, a tattara jakar public da actions/upload-pages-artifact, actions/deploy-pages kuma ya ɗora ta. Kada ka manta da izinin pages: write da id-token: write, in ba haka ba matakin ƙarshe zai faɗi. YAML, tsarin da ake rubuta fayil ɗin da shi, ba ya yarda da tab wajen matsar da layi, sai tazara, kuma a ganina nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe.

Da ka tura gyara, leƙa sashen Actions. Koren maki na nufin shafin ya hau; jar alama kuma, danna ta ka karanta layin da aikin ya tsaya. Ma'ajiyar da kowa ke iya gani kyauta ce, ta sirri kuwa Pages ba ya aiki da ita a asusun kyauta.

In kana son a sake ginin kullum ta hanyar cron, wato jadawalin lokacin tashin aiki, ka tuna da agogon duniya na UTC ake lissafi, Nijar kuma ta wuce shi da awa ɗaya: don ƙarfe 7 na safe a Yamai, 6 za ka rubuta.