Yadda na fitar da gyaɗar da ta maƙale wa jaririna

Ɗana mai wata tara ya tsinci ƙwayar gyaɗa a tabarma ya jefa a baki. Nan take ya yi tsit, ba kuka ba tari, leɓensa ya fara duhu. Da yana tari da ƙarfi ne, barinsa ake yi ya fitar da ita da kansa. Shirun nan ne abin tsoro.

Kakarsa ta ce a ɗura masa ruwa, maƙwabciya ta ce a zura yatsa. Na hana, domin yatsa kan ƙara cusa abin ciki, ruwa kuwa ba ya buɗe hanyar numfashi.

Na zauna, na kifa shi a kan hannuna bisa cinya, kansa ƙasa da ƙirjinsa, na tallafe haɓarsa. Da gindin tafin hannu na buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, da ƙarfi. Ba ta fito ba. Na juya shi rigingine, na sa yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, ƙasa kaɗan da layin nonuwa, na danna sau 5, zurfin kamar santimita 4. (Jaririn da bai shekara ba, ba a matsa masa ciki kamar babba.) Na sake kifa shi ina bugu, sai gyaɗar ta faɗo, ya tsala kuka. Alhamdulillahi.

Duk da haka mun kai shi asibiti an duba ƙirjin.