Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙera Akwatin Adana Tabar Siga

Akwatin farko da na ƙera don ajiye siga, wato naɗaɗɗiyar tabar ganye irin ta Kyuba, ya yi kyau a ido, amma bai cika wata guda ba murfinsa ya karkace. Dalili kuwa, cikin irin wannan akwati dole ya riƙe laima kashi 65 zuwa 72 cikin 100, alhali bayansa na shan iskar ɗaki, wadda a hunturu takan bushe ƙayau. Yawancin kurakuran daga mantawa da wannan suke tasowa.

Tun wajen sayen katako ake fara kuskurewa. Wanda ake shimfiɗawa a ciki shi ne sida na Sifen, duk da cewa ba daga Sifen yake ba. Itace ne na yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma danginsu ɗaya da maɗacin da muka sani. Yana shan laima ya sake ta sannu a hankali, ƙamshinsa kuma na tafiya da na taba. Mutum sai ya ji an ce sida, ya kwaso jan nan mai ƙarfin ƙamshi da ake sa wa durowar tufafi. Wannan kam zai ɓata tabar gaba ɗaya. A nemi wanda aka busar a injin busar da katako, domin ɗanye yakan riƙa tsattsafo da danƙo. Idan danƙon ya fito, a goge da asiton, wato sinadarin da ake cire jan farce da shi, a bi da samfefa. A kuma rufe hanci lokacin gugar, ƙurarsa na da ɗaci, tana sa tari.

Inda na fi son a tsaya shi ne shimfiɗar cikin. Hannun kafinta ya saba da gam, don haka sai ya manne allunan sida a jikin akwatin tam. Nan na faɗi. Katakon da zai sha laima sai ya kumbura, in bai sami wurin motsi ba ya tsage ko ya ja bangon ya lanƙwasa. Gyaran shi ne a yanka allunan da kauri kamar milimita 6, a fere kusurwoyinsu, a zura su su riƙe juna ba gam ba ƙusa. A bar bakinsu ya ɗara bakin akwatin kaɗan, ta yadda murfi zai zauna a kansu ya toshe iska. Kada fenti ko banis ya taɓa sidan. Bangon akwatin da ke bayansa shi ake shafewa ciki da waje, don kada laima ta shige shi.

Murfi kuwa, kada a ƙera shi daban. A haɗa akwatin a rufe ruf, sannan a raba da zarto, sai baki ya dace da baki. In ka saki murfin ya sauka da ɗan hucin iska, aiki ya yi. In ya buga ƙwas, akwai kafa. Maƙalansa su zama na tagulla, baƙin ƙarfe tsatsa yake yi.

Sai gaggawa. Wasu su jiƙa tsumma su goge cikin don ya yi saurin shan laima, katakon ya tashi ya yi kaushi. A sa tataccen ruwa na turiri a ƙaramin kofi, ba ruwan famfo ba, a rufe akwatin kamar sati biyu. Kafin a yarda da ma'aunin laima, a gwada shi: gishiri mai ɗan danshi a murfin kwalba, a kulle su tare cikin leda su kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70, ka san kullum za ka ƙara masa 5.

A ajiye akwatin a wuri mafi sanyi a gida, kusan digiri 21 in da hali, nesa da taga, domin zafi ke ƙyanƙyashe ƙwan ƙwaron da ke huda taba.