Yadda ake lissafin sauyin entrofi idan ƙanƙara ta narke a ɗaki

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa entrofi, wato ma'aunin yadda makamashi ya bazu a cikin abu, ƙaruwa yake yi, amma da an ba su lissafi sai su tsaya kan abu ɗaya, su manta da abin da ke kewaye da shi. Dokar da Rudolf Clausius ya bayyana a 1865 kuwa jimillar biyun take nufi. Mu gwada da ƙanƙara giram 100 a kofi, cikin ɗaki mai zafin digiri 30.

Da farko ka shata iyaka. Ƙanƙarar ce abin nazari. Kofi, iska da bangon ɗaki su ne kewaye.

Sai ka ƙara 273 a kan kowane digiri don ya koma ma'aunin Kelvin. Ƙanƙara tana narkewa a digiri sifili, wato 273, ɗakin yana 303. Wanda ya tsallake wannan zai tsinci kansa yana rabawa da sifili.

Na uku, nemo zafin da ya ƙetare iyakar. Kowane giram na ƙanƙara sai ya sha jul 334 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin ya narke, ka ga giram 100 zai sha jul 33,400.

Yanzu ka raba wannan adadi da ma'aunin Kelvin na kowane ɓangare daban, abin da ya fito shi ne sauyin entrofinsa. Ƙanƙara karɓa ta yi, don haka 33,400 ÷ 273 = +122.3 J/K (jul bisa Kelvin). Ɗaki bayarwa ya yi, sai alamar ragi: −33,400 ÷ 303 = −110.2 J/K. Mun bar ɗakin a 303 ne saboda girmansa. Ɗan zafin da ya rasa ba zai sanyaya shi ba.

Haɗa su, za ka samu +12.1 J/K. To daga ina ribar ta fito, alhali zafin da ya fita shi ne ya shiga? Daga bambancin 273 da 303. Naira dubu ta fi tasiri a aljihun talaka fiye da na attajiri. Haka zafi ya fi ɗaga entrofin abu mai sanyi fiye da yadda yake rage na mai ɗumi.

A kula, lissafin nan ya tsaya ne a lokacin da ƙanƙarar ta gama narkewa, ruwan yana 273 tukuna. Ɗumamarsa zuwa 303 lissafi ne daban, domin ma'aunin yana hawa a hanya.

Don tabbatarwa, ka kai kofin firiza mai digiri 10 ƙasa da sifili, wato 263. Da ƙanƙarar za ta narke a can, kewaye zai rasa 127.0, jimilla ta zama −4.7 J/K. Ragi ke nan, shi ya sa ba ta narkewa.