Yadda za ka tara tsofaffin abokai a kan biriyani a Birnin Kebbi

Da farko ka tsayar da rana. Asabar bayan La'asar ta fi, ma'aikata sun sarara. Kada ka dogara da saƙon WhatsApp, kira kowa ya ji muryarka. Wanda kuka shekara goma ba ku haɗu ba ya cancanci wannan.

Sai girki. Biriyani shi ne abincin da birnin Haidarabad na Indiya ya yi suna da shi, kuma kayan haɗinsa duk suna Babbar Kasuwa. Tun da safe ka jiƙa naman kaza cikin kindirmo da citta, tafarnuwa, kurkum, kanumfari, kirfa da gishiri. Soya albasa mai yawa har ta yi ja, kada ta ƙone, nan daɗin yake. Shinkafa kuwa basmati za ka nema; tamu ta Argungu a bar wa tuwo. Tafasa ta rabin dahuwa, ka tace. Shimfiɗa nama a gindin tukunya, shinkafa a kai, albasa da man shanu a sama. Liƙe bakin murfin da kwaɓaɓɓiyar fulawa don kada tururi ya tsere, ka bar ta a wuta kaɗan kamar minti 40. Kada ka leƙa.

A gefe ka yanka kokwamba cikin kindirmo, tana kashe yaji.

Shimfiɗa tabarma, babban faranti ɗaya, wayoyi a aljihu. Ka fara da tambayar iyaye da iyali, a yi wa waɗanda suka rasu addu'a, hira za ta kawo kanta. Kafin a tashi sallar Magariba ku tsayar da gidan da za a haɗu nan gaba.