Babi na Bakwai: Rubutun Ɗigo da Sanda na Wayar Tangaraho

Darasi na 1: Alamomi biyu

Iyayena da yayyena, kowa ya ɗauko fensir da littafinsa. Yau za mu koyi rubutun da ma'aikatan gidan waya da na tashar jirgin ƙasa suke aika saƙo da shi a da. Wani Ba'amurke, Samuel Morse, ne ya ƙirƙiro shi tare da abokin aikinsa Alfred Vail, kuma a 1844 aka buga saƙon buɗe layin da ya haɗa Washinton da Baltimo. Wanda za mu koya shi ne wanda ƙasashe suka amince da shi a Faris a 1865.

Alamomin biyu ne kacal. Ga ɗigo: • Ga sanda, a kwance take: — Idan da baki ne, ɗigo a ce "di", sanda a ce "daa". Ɗigo ƙirga ɗaya ne, sanda ƙirga uku. Kada ku gwada da ƙwanƙwasa benci, don benci ba ya jan sauti. Ku yi da baki, ko usur, ko tocilar wayarku.

Ku kwafi waɗannan:

E • T — A •— N —• I •• M —— S ••• O ——— U ••— K —•— B —•••

Ku duba A da N da kyau. A ɗigo ne a gaba, N sanda ce a gaba. Daga hagu ake karantawa, yadda muke karanta boko, ba daga dama irin na ajami ba.

Darasi na 2: Tazara

Nan ne kowane aji yake tuntuɓe, saboda haka ba za mu yi gaggawa ba. Idan kun gama harafi ɗaya, ku tsaya. A takarda ku ja tsayayyen layi, mu kira shi katanga: | A baki kuma ku yi shiru, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku a zuci, sannan ku shiga harafi na gaba.

Mu rubuta NI. N ita ce —• sai katanga, sai I ••. Ga shi: —• | ••
To, ku cire katangar ku gani: —••• Ku nemo ta a jerin sama. B ce! Kun aika NI, mai karɓa ya rubuta B, kuma ba laifinsa ba ne.

Mu sake da TA: — | •— Babu katanga, ta koma —•— wato K.

Hajiya, idan kin manta, kada ki ji kunya, goge ki sake. Kowa da haka ya fara. Harafi, katanga. Harafi, katanga. Ku faɗa da ƙarfi muna ji.

Yanzu sunan garinmu. K, sai me? Katanga. A, sai me? Katanga. N, katanga. O.
—•— | •— | —• | ———
Da baki: daa-di-daa, shiru, di-daa, shiru, daa-di, shiru, daa-daa-daa. A cikin harafi ɗaya ba a dogon shiru, ƙirga ɗaya kawai tsakanin alama da alama. Tsakanin harafi da harafi ne ake ƙirga uku.

Alhaji, ina ganin masu cewa sun gane, sai su bar katangar wai don sauri. Saurin me? Wanda ya iya auna hatsi a kasuwar Dawanau bai taɓa haɗa mudun gero da na dawa a buhu ɗaya ba, to don me za a cakuɗa harafi da harafi? Na faɗa, na maimaita, amma duk makon da na karɓi littattafai sai na tarar da ɗigo da sanda a jere kamar ba a yi darasin ba. Don Allah a daina. Duk wanda bai sa katanga ba, zan mayar masa da littafinsa ya sake daga farko.

Tsakanin kalma da kalma katanga biyu ce: || A baki ƙirga bakwai.

Darasi na 3: Warware saƙo

Ku sa yatsa ku rufe komai sai abin da ke gaban katangar farko. Ku nemo shi a jeri, ku rubuta harafin a ƙarƙashinsa, sannan ku matsar da yatsa. Kada a yi cinta.
••• | •— | —• | —• | ••—
Wanda ya samu SANNU ya yi daidai.

Darasi na 4: Haruffa masu lanƙwasa

Ɓ, ɗ da ƙ ba su da alamarsu. A buga b, d, k, mai karatu zai gane daga maganar. D ita ce —••

Darasi na 5: Neman agaji

•••———••• Wannan ita ce SOS, kuma ita a haɗe ake buga ta, babu katanga. Jirgin ruwan Titanic ya aika ta a 1912. Ku haddace.

Aikin gida: ku rubuta MASU, BAKI da TUTA. Zan duba katanga.