Yadda za ka shirya solba ɗinka ka tura gasar ASP

Wani ƙanina da ke karatun kwamfuta a ATBU ya tare ni a Yelwa ranar Asabar, wai shi da abokansa biyu sun haɗa solba, a laftof ɗinsa gudu yake kamar me, yanzu gasa suke so su shiga. Na ce toh madalla, amma ka taɓa kunna shi a kwamfutar da ba taka ba? Sai ya hau sosa ƙeya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abun gaba ɗaya, kar in riƙa maimaitawa a wajen mai shayi.

Ga wanda bai san zancen ba: a irin wannan shirye-shiryen ba ka gaya wa kwamfuta "yi kaza sannan ka yi kaza", sharuɗɗa kawai kake zayyana mata, ita ta nemo amsar da ta cika su. Prolog ne babban wa a gidan, tun 1972 a Marseille ta Faransa. ASP (Answer Set Programming) kuma ya taso ne daga aikin da Michael Gelfond da Vladimir Lifschitz suka fitar a 1988. Solba shi ne injin da ke karɓar sharuɗɗan ya tono amsa. Misali ka ce a shafa wa taswirar ƙananan hukumomi 20 na jihar Bauchi kala huɗu, amma Bauchi da Dass kar su zo kala ɗaya tunda suna da iyaka, haka Dass da Toro, haka Dass da Tafawa Ɓalewa. Layin da ke hana maƙwabta haɗa kala guda ɗaya ne tak:

:- iyaka(A,B), fenti(A,K), fenti(B,K).

Shikenan, sauran aikin na solba ne.

Abu na farko, ka san wace gasa kake nufi, don guda biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai wadda ake yi a ICLP, wato taron masana irin wannan shirye-shiryen na duniya, ta samo asali daga gasar Prolog ta 1994, a can ku ne 'yan takarar, a ba ku tambayoyi ku rubuta maganinsu cikin ɗan lokaci. Sai gasar ASP, wadda injin kake turawa kai kana gida, su kunna shi a kwamfutocinsu. Jami'ar Potsdam ta Jamus ce ta shirya ta farko a 2007, ta biyu a Leuven ta Beljiyam a 2009, daga 2011 mutanen Jami'ar Calabria ta Italiya suka shigo ciki sosai, an yi a 2013, 2014, 2015 da 2017. Ka ga ba duk shekara ba ce, don haka sai ka nemo sanarwar wadda za ka shiga ka karanta dokokinta tun daga sama har ƙasa, kar ka dogara da na wata shekara. A nan a kan gasar ASP nake magana, wadda ake tura injin.

A cikin dokokin nan ka zaɓi layinka. Akwai rukunin injin da ke aiki da furosesa ɗaya, akwai na masu yawa, sannan tambayoyin ma an raba su: masu sauƙin tsari na "akwai amsa ko babu", masu ɗan wuya, na neman amsa mafi kyau, da wanda komai ya halatta a ciki. Ni kam shawarata ga mai farawa ya tsaya a furosesa ɗaya da rukuni ɗaya ko biyu da ya tabbatar injinsa na iya wa. Ba kasuwar Wunti ba ce da za ka ce sai ka leƙa kowane layi.

Na biyu yare. Tambayoyin gasar da ASP-Core-2 ake rubuta su tun 2013, kuma kai ba ka da ikon taɓa su, yadda aka rubuta haka injinka zai haɗiya. Mutane da yawa sun saba da clingo, wani sanannen solban ASP, har sun ɗauka duk abun da clingo ya yarda da shi shi ne ƙa'ida, alhali yana da ƙarin abubuwansa na gida, kuma ƙa'idar tana da nata da dole ka gwada ɗaya bayan ɗaya: alamar | ta "ko wannan ko wancan", da :~ ta sharaɗin da ake iya karyawa amma da tara, da #count da #sum, da tambaya mai ƙarewa da alamar ?. Kuma ba abin kunya ba ne ka ɗora a kan aikin wasu, da yawa daga cikin waɗanda suka shiga gasar nan gringo suke sa wa a gaba ya shimfiɗa musu sharuɗɗan ya cire harufan da ke canzawa, sannan nasu injin ya karɓa daga nan. Kawai dai ka faɗa a takardarka, ka kuma duba lasisi.

Na uku, kuma nan ne zan daɗe, don nan ake faɗuwa: yadda injinka ke magana. Ba mutum ne zai zauna yana karanta abun da ka buga a allo ba, wata manhaja ce za ta duba, ita kuma ba ta san uzuri ba. In ka samu amsa ka rubuta ANSWER sannan amsar a layi na gaba, in babu amsa INCONSISTENT, in ka kasa UNKNOWN, a neman mafi kyau kuma akwai COST da OPTIMUM. Sannan lambar fita: 10 an samu amsa, 20 babu amsa, 30 an samu kuma an tabbatar babu wadda ta fi ta. Mai amfani da clingo ya sa --outf=1 ya ga yadda tsarin yake da idonsa. Duk wani surutun "ina kan aiki", "na kusa" da ka saka lokacin gyara kod, ka cire shi ko ka tura shi stderr.

Ga tarkon da ke cikin lambar fitan nan. In sikirif ɗinka ya jera gringo, sai solba, sai sed don gyara rubutu, lambar da za ta fito ta sed ce, wato 0, ba ta solba ba, sai ka ciro ta gaskiyar da PIPESTATUS. In kuma ka sa set -e a sama don ka ji ana cewa tsafta ce, toh 10 a wajen bash kuskure ne, zai kashe sikirif ɗin daidai lokacin da ka ci nasara.

Yanzu ka saurare ni da kyau ɗan'uwa. A tsarin makin gasar nan, in lokaci ya ƙare maka a tambaya ɗaya, makin wannan ɗayar kawai ka rasa. Amma in ka ba da amsar ƙarya ko sau ɗaya, misali ka ce INCONSISTENT alhali akwai amsa, ko ka ce OPTIMUM alhali wani ya samo wadda ta fi taka, makin duk tambayoyin wannan nau'in gaba ɗaya ya tafi, har da waɗanda ka ci da guminka. Don haka duk wata dabarar ƙara gudu da ba ka da tabbacin ingancinta wlh gara ka kashe ta. Ka sauko da tambayoyin gasannin baya, su Sokoban, Graph Colouring, Stable Marriage, Knight Tour with Holes, ka kunna naka ka kunna clingo ko DLV (shi ma solba ne) a kan tambaya ɗaya, duk inda suka saɓa ka ɗauka kai ne mai laifi har sai ka tabbatar da akasin haka. Hanya mai sauƙi ta duba amsa: ka mayar da amsarka sharaɗi ka ba clingo tare da tambayar, in ya ce babu amsa toh injinka ya shirga ta.

Na huɗu lokaci da memori. An yi shekarun minti 10 kowace tambaya, an yi na minti 20, memori ma da iyakarsa. Ka gwada da timeout da ulimit -v a gida. A tambayoyin neman mafi kyau kar ka riƙe amsa a ciki kana jiran ta ƙarshe, duk wadda ta fi ta baya ka buga ta nan take ka yi flush, don in aka katse ka wadda ka riga ka furta ita za a duba. Mu da muka saba a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ai wannan ba sai an koya mana ba. Af, in za ka auna gudu ka jona laftof a caji, a batir furosesa rage ƙarfi yake, sai ka yi ta murna ko baƙin ciki a kan lissafin banza.

Na biyar ƙunshewa. Kwamfutocinsu Linux ne 64-bit, kuma ka ɗauka babu intanet, babu wanda zai girka maka komai. Ka haɗa kod ɗinka da -static, ka bi shi da ldd ka ga ko yana neman wani laburare a waje. Kar ka sa -march=native, don injin zai fito daidai da furosesarka ne, a tasu yana iya mutuwa tun bai fara ba. Kar a ga /home/sunanka a ko'ina cikin sikirif, ya riƙa gano foldarsa da kansa. Python ma in ka dogara da shi ka tabbatar wanne ne a can.

Ni abun da ya taɓa cin mutuncina ƙarami ne: na gyara sikirif a Windows, na kai wa wani abokina a Gwallameji ya gwada a kwamfutarsa, sai ga "bad interpreter", muka kwana muna zargin kod ashe ƙarshen layukan Windows ne, dos2unix ya gyara cikin daƙiƙa ɗaya. Sannan zip na Windows kan zubar da izinin kunnawa, don haka chmod +x sannan tar czf. Bayan ka ƙunshe, ka buɗe sabon Linux fil a VirtualBox ko Docker, ka kwance ƙunshin a can kamar baƙo, ka kunna. Abun da ya yi aiki a nan shi za ka tura, ba wanda ke foldar aikinka ba.

Takardar bayanin injin gajeriya ce: sunansa, su waye ku, me kuka aro, me kuka ƙara, wane rukuni kuke shiga. Rajista kan rufe kafin ranar tura injin, kar ka haɗa su.

Sai agogo. In an rubuta AoE (Anywhere on Earth, agogon da ya fi kowanne baya a duniya), 23:59 ɗinsu 12:59 na ranar washegari ce a Bauchi. In agogon Italiya ne, lokacin sanyinsu daidai muke, lokacin zafinsu sun riga mu da awa ɗaya. Amma da irin netwok ɗinmu ni kam kwana biyu kafin nan nake turawa, da asuba lokacin da layi ba cunkoso. Ka yi sha256sum na fayil ɗin ka ajiye lambar, ka sa wa kod ɗin alama a git, sannan ka riƙa leƙa imel har cikin spam, don masu shiryawa kan gwada ƙunshin su rubuto in ya ƙi tashi, kuma ba za su jira ka sati guda ba.