Yadda Ake Kare Rayukan Ma'aikata a Masana'antar Narka Ƙarfe

Narkakken ƙarfe yana fitowa daga tanderu da zafin da ya kai kusan digiri 1,600 a ma'aunin Selsiyos, amma duk wanda aka ɗora wa alhakin lafiyar ma'aikata a irin wannan wuri, abin da ya kamata ya fara sa wa ido shi ne ruwa. Idan ruwa ya koma tururi yakan kumbura kusan ninki 1,700, saboda haka ɗan ruwan da ya kwanta a gindin tukunyar ɗaukar ƙarfe, muddin narkakken ƙarfe ya rufe shi, ya isa ya watsa ƙarfen ko'ina. A watan Nuwamba na 2001 ruwa ya shiga tanderu mai lamba biyar a Port Talbot da ke yankin Wales na Birtaniya, tanderun ya fashe, mutum uku suka rasu.

Don haka a gasa kowace tukunya sosai kafin a zuba mata ƙarfe, haka ma dogon cokalin da ake ɗebo samfuri da shi. Ramin da ake zubar da kashin maƙera ya kasance a bushe ko yaushe, kuma yoyon rufi a saman filin zuba ƙarfe dalili ne na tsayar da aiki nan take. A riƙa gwada yawan ruwan sanyaya tanderu da ke shiga da wanda ke fita, domin bambanci tsakaninsu alama ce ta ɓulewar bututu a ciki. Tsoffin ƙarafan da za a narka su ma a tantance su: a fitar da jiƙaƙƙu, da tukwanen gas, da duk wani bututu mai toshe baki biyu, sannan a bi da su ta na'urar gano sinadarai masu tururin nukiliya.

Sai kuma hanyar da ƙugiya, wato injin ɗaga kaya, ke bi da tukunya. A ranar 18 ga Afrilun 2007, a garin Tieling na lardin Liaoning a ƙasar Sin, tukunya mai ɗauke da kusan tan 30 na narkakken ƙarfe ta suɓuce, ƙarfen ya kwarara cikin ɗakin da ma'aikata suka taru domin canjin aiki, mutum 32 suka mutu. A ganina kuskuren ya fara ne tun ranar da aka amince ɗakin taro ya zauna a wurin. A shata hanyar tukunya da fenti da shinge, kada a bar ofis ko wurin hutu a kusa da ita, kuma kada kowa ya gitta ƙarƙashin kayan da ke rataye, komai gaggawarsa. Ƙugiyar kanta ta kasance wadda aka ƙera musamman domin wannan aiki, ana duba birkinta da igiyoyinta a kan kari.

Iskar gas kuwa ba ta sallama. Wadda babban tanderu ke fitarwa tana ƙunshe da gas mai guba da ake kira kabon monoksaid fiye da kashi 20 cikin ɗari, ga shi kuma ba shi da launi balle wari. Kowane ma'aikaci a wannan sashe ya maƙala na'urar gargaɗi a ƙirjinsa. Kafin a shiga rami ko tanki, a auna iska. Idan oksijin bai kai kashi 19.5 cikin ɗari ba, ba a shiga, domin iskar agon da ta naitirojin da ake aiki da su suna korar iskar shaƙa shiru. A bar mutum ɗaya a bakin ramin, a kuma gargaɗe shi kada ya faɗa ceto ba tare da na'urar numfashi ba, don sau da yawa mai ceton ne ke zama gawa ta biyu.

Lokacin gyaran inji, kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. Kowane mai gyara ya rataya kwadonsa mai ɗauke da sunansa a kan babban makunni, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, a sauke matsin mai da na iska, sannan a gwada tayar da injin don a tabbatar ba zai motsa ba.

Hular kwano, da rigar da ke mayar da zafi, da abin toshe kunne inda ƙara ta kai desibel 85 a ma'aunin sauti, duk wajibi ne, sai dai su ne katanga ta ƙarshe bayan an kawar da haɗarin ko an killace shi. A hana sa yadin roba a ciki, domin narkewa yake yi ya manne wa fata. Duk wanda ya tsallake rijiya da baya kuma, ya ba da rahoto kafin ya tashi daga aiki, a karanta wa masu karɓarsa, ba tare da an ci shi tara ba.